Darbejiyar Yaye

A gidan mijina, can wajen Gozaki, ba a ƙirga watanni kafin a yaye yaro. Ranar suna surukata, wadda muke kira Iya, takan dasa ɗan tsiron darbejiya a bayan ɗakin mai jego. Ranar da ya kai mata kafaɗa, ranar za a cire yaro daga nono. Haka ta tarar ana yi, kuma a shekarun ruwa abin yakan zo daidai, damina biyu ya kai.

Ni kuwa sai na haifi 'yata ta biyu a bakin babban farin nan, wanda dawa ta bushe a tsaye. Darbejiya ta kai gwiwa ta tsaya cak. Damina ta zo ta wuce kamar baƙo mai sauri, wata ma ta zo haka. Yarinya dai ba ta jira ba. Ta yi haƙora, ta yi baki, har aikenta ake yi maƙwabta. Ta dawo ta ce, "Sun ce suna gaishe ki," sannan ta ɗaga mini riga. Na rame har zane ba ya zama a ƙuguna.

Na ce, "Iya, yarinyar nan fa tana tauna ƙashi."

Ta ce, "Itacen ya ce tukuna."

Maigida ya koma yin alwala a gindin darbejiyar. Ganye biyu suka fito, akuya ta cinye.

Da abin ya ishe shi, ran kasuwar Malumfashi ya biya gandun ma'aikatan daji, ya ɗauko dashe mai tsayi a keke. Iya tana gidan biki ya tuge darbejiyar ya kafa sabon dashen. Sai da ya gama taka ƙasar na lura mangwaro ne.

Iya ta dawo ta tsaya a kansa. Ta murza ganye ta sansana. Ta jingina kafaɗa, ya ɗara ta.

"Ikon Allah," in ji ta. "Farin bana har itace ya sauya wa hali."

Maigida ya ce, "Wallahi kuwa, Iya," yana kallon ƙasa.

Washegari aka shafa mini maɗaci. Yarinya ta ɗanɗana, ta tofar, ta dube ni ta ce, "Inna, ya lalace." Ta ɗauki kwanonta da kanta ta nufi ɗakin Iya, tana tambaya ko akwai sauran ɗumame.