Shanyar Tumatir a Bakin Raga

Na yi shekara biyu ina uwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a wata ƙaramar jami'a da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ba don na san ƙwallo aka ba ni aikin ba. Faransanci nake koyarwa a can bayan na yi ritaya, kuma dokar makarantar ta ce 'yan mata ba za su fita fili ba sai da babbar mace a kusa. Aka duba aka ga ni ce tsohuwar da ta ga duniya. Aikin maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya zaunar da mu a Omdurman da Kumasi da Yamai, da wani ɗan gari a kudancin Faransa inda gidanmu ke kallon filin wasa. Ta taga na ga mata suna buga ƙwallo shekara da shekaru. Wannan kallon ta taga shi ne duk ilimina, kuma na ɗauke shi da nauyi fiye da yadda ya kamata.

Filin maza yana cikin katanga, da ciyawarsa. Na mata yana bayan makaranta, a bakin magudanar ruwan noman rani, fili ne kawai babu shinge, awaki na ratsawa, masu babur na yanke hanya ta tsakiyarsa. Turakun ragar bututun ƙarfe ne da aka dasa cikin tsofaffin tayoyi aka cika da siminti. Mutum huɗu suna iya jan su duk inda aka ga dama.

Yawancin 'yan wasan 'yan birni ne. Golarmu ce kaɗai 'yar wajen, gidansu na tsallaken magudanar, ana hango rufinsa daga bakin raga. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafin hannunta ya yi kaushi saboda dashen shinkafa. Sauran suna kiranta 'Yar Kwando, wai ƙwallo take cafewa kamar ana jefo mata kwandon tumatir daga kan mota. Ba ƙarya suka yi ba, a nan ta koya. Na ga masu tsaron gida a ƙasa huɗu, ban ga mai hannunta ba.

Kullum da safe kafin ta shiga aji sai ta zo da tsintsiya ta share bakin ragarta. Ƙasar wajen cike take da ƙarangiya da tsidau, ita kuwa aikinta faɗuwa ne. Ta tsince ƙaya, ta tsince tsakuwa, har wurin ya zama sumul kamar daɓen ɗaki. A duk faɗin filin babu inda ya kai nan tsabta.

Uwarta bazawara ce mai ɗan fegin tumatir a cikin gonakin ban ruwa. A shekarata ta farko ta aiko mini da ƙullin kauɗa, wato busasshen tumatir, ta ce a gode mini da nake kula mata da yarinya. Na yi miya da ita har damina.

A shekara ta biyu, cikin tsakiyar rani, aka aiko cewa ƙungiyar wata babbar jami'a za ta zo mu buga, kuma tare da su akwai wata mata mai zaɓen 'yan wasa zuwa sansanin horo. Gola ɗaya take nema. Kocinmu, wani malamin motsa jiki, ya nuna golarmu ya ce mini a gaban kowa, "Hajiya, mu dai kallo za mu yi. Idan akwai wadda za a ɗauka a nan, waccan ce." Kyaftin, 'yar wani babban ma'aikaci a birni, ta ji, ta taɓe baki. Golar kuwa tun daga ranar ta ƙara sharar yamma a kan ta safe. Ta gaya mini, kanta a sunkuye, cewa ba ta taɓa wuce Zariya ba.

Makon wasan ya faɗo daidai lokacin da tumatir ya yi ambaliya. Wanda bai zauna a Kura ba ba zai gane ba. Gonaki duk su nuna lokaci guda, motocin kudu su yi ƙaranci, kwanduna su yi layi a bakin titi suna zubar da ruwa. Abin da ya rage wa mai ƙaramar gona shi ne ta yanka ta shanya. Ana tsaga kowane ɗaya biyu, a jera a ƙasa cikinsa na kallon rana. Ba a taɓa shi sai ya sha rana, domin in ka tattara shi da ruwansa ya zama kunu, gobe ya yi tsami. Kuma a al'adar wajen duk filin da babu shuka, na wadda ta riga shimfiɗa shanyarta ne. Ba a tambayar izini, ba a kuma taka abinci.

Ranar wasan na iso da hantsi, saura awa guda baƙi su zo. Tun daga nesa na hango ja. Bakin ragar golarmu, tun daga layin raga har wajen taku goma, tumatir ne a jere, reras, kamar an shimfiɗa darduma. Uwar tana zaune a gefe da wuƙa da kwandunan da ta juye. Tun asuba take yanka. Ta san wasa ake yi a filin, amma a saninta da la'asar ake yi, kuma 'yarta ta sha gaya mata babu ƙaya a wurin. Yarinyar a makaranta ta kwana tare da sauran, ba ta san komai ba sai da suka fito cikin rigunan wasa.

Kyaftin ce ta fara dariya. "'Yar Kwando, an kawo miki kayan aiki har ofis."

Wata ta ce, "Saura attaruhu, a ɗora tukunya."

Golar ta sunkuya. Ta cire takalmanta, ta bi ta tsakanin layukan a kan yatsu har ta isa wajen uwar, ta durƙusa. Na ji tana cewa, "Inna, yau ne fa." Uwar ta dube ta, ta dubi 'yan matan, ta miƙe tana goge hannu da zane, ta zo ta gaishe ni har ƙasa.

"Hajiya, a yi mini aikin gafara. Ban san da safe ba ne. Duk abin da gonar ta yi ke nan."

Golar ta matso. "Mama, a ja ragar gaba. Taku goma sha biyu kawai. Sai a ja waccan ma baya, akwai wuri. Mu huɗu za mu iya."

Koci ya dube ni. Da na ce to, da an ja. Amma ni a lokacin abin da nake gani shi ne motar baƙi tana tsayawa, 'yan birni suna sauka suna tarar da mu muna wasa a gefen shanya kamar 'yan gaɗa. Na riga na sa an zuba farar toka an fitar da layuka da igiya da awo, kamar yadda na gani ana yi a Faransa. Na ce fili yana da ƙa'ida, ba gona ba ce da za a matsar da kunya. Da Turanci na faɗa, uwar tana tsaye a gabana, don kada ta ji. Sannan na juya da Hausa na ce a kwashe.

"Hajiya, bai sha rana ba," in ji uwar. "In aka taɓa shi yanzu ya tafi."

"Sai ki nemi wani wurin, baiwar Allah. Nan makaranta ce."

Kyaftin ta ce ai mai wuri ita ta san yadda take share wurinta. Ta ɗauko tsintsiyar daga bayan raga ta miƙa wa golar. Ban hana ba. Yarinyar ta ajiye tsintsiyar ta fara ɗauka da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a kwando, uwar na taya ta. Koci ya dubi agogo ya ce a haka sai azahar. Nan sauran suka shiga da takalman ƙwallo. Da farko turawa suke yi da gefen ƙafa, daga baya ya zama wasa. Wata ta buga ɗaya ya fashe a jikin turke, aka yi shewa. Wata ta ce, "Gola, kama wannan," ta ɗaga mata shi ya fashe a ƙirjinta. Cikin minti goma aka gama. Uwar ta daina ɗauka. Ta koma gindin wata darbejiya ta zauna, wuƙar na kan cinyarta.

Wurin ya zama ja, da 'ya'yan tumatir da ɓawo, ƙudaje sun fara taruwa. Ya yi kama da mahauta. Sai na tuna a Faransa kafin kowane wasa ana fesa wa fili ruwa. Na ce a ɗebo daga magudanar a wanke.

"Mama, kada a zuba ruwa," in ji golar. Karo na biyu ke nan da ta yi mini magana a ranar. "Ƙasar nan laka ce. Ta shinkafa ce. In ta sha ruwa sabulu take zama."

Na ce mata na ga filaye kafin a haife ta. Aka zuba bokiti wajen ashirin. Jan ya tafi, wurin ya yi kyau a ido, yana ƙyalli, daidai lokacin da motar baƙi ta shigo.

Mu aka ba wannan ragar a zagayen farko. Ƙwallon farko da aka bugo mata ba shi da ƙarfi, irin wanda take kamawa tana hamma. Ta taka za ta tashi, ƙafar ta zame, ta zauna daɓas, ƙwallo ya wuce ta gefenta a hankali. Samarin da suka jera babura a bakin fili suka kwashe da dariya. Sun ga abin da ya faru da safe, wasunsu ma maƙwabtanta ne.

"Gola, miyar ta ji gishiri?"

"A kawo mata tuwo, ta riga ta zauna."

Na biyu ta tashi da kyau, ta taɓa shi, amma safar hannunta ta cika da laka, ya sulluɓe. Bayan na uku ta cire safar ta jefar. Bayan na huɗu ta daina fitowa daga layi, ta tsaya ƙafafu a ware kamar mai tsoron faɗawa rijiya. Rigarta ta koma ja da baƙi. Kyaftin ta juyo daga tsakiyar fili ta ce da ƙarfi yadda mai zaɓen za ta ji, "Ki koma gona, don Allah." Biyar aka zura mata kafin hutun rabin lokaci. Duk wannan uwar na gindin darbejiya, ba ta tafi ba.

Da aka juya, rana ta riga ta busar da lakar, golar baƙi ta tsaya a kan busasshiyar ƙasa mai sumul wadda wata ta yi wata biyu tana share mata. Tamu ta koma ɗaya ragar, cikin ƙarangiya, ta kama ƙwallo biyu masu wuya. Amma mai zaɓen ta riga ta rufe littafinta, tana cin gyaɗa a inuwa.

Bayan wasa na kai wa mai zaɓen ruwa, muka yi hira da Turanci. Ta ce an yi mata zancen golarmu, amma yarinyar ƙafarta ba ta kama ƙasa, kuma tana da tsoro. Ta ɗauki ta baƙi. Don in wanke makarantar sai na ba ta labarin shanyar, ina dariya, na ce har cewa aka yi wai a ja raga. Ta ce, "Ai da kun ja. Ni ina ruwana da awon fili? Hannu na zo gani." Ta tambaye ni ko a ina za ta sami tumatir mai araha kafin su kama hanya.

Washegari aka ce in rubuta rahoto. Na rubuta cewa mutanen ƙauye suna shigowa filin makaranta suna ɓata shi, kuma hakan ya jawo mana shan kaye. Ban rubuta zancen ruwa ba. Koci ya karanta ya sa hannu. Kafin damina aka zagaye filin da waya, matan tsallake suka koma shanya a gefen kwalta, inda tayar mota ke bi ta kai.

Golar ba ta sake zuwa atisaye ba. A aji ana ganinta, a layin baya, sunan kuma ya canza daga 'Yar Kwando ya koma Miya, har malamai sun ji. Muka sa wata a raga. Ba ta shara, cikin wata biyu ƙarangiya ta rufe wurin, ta ce ita ba za ta faɗi a kan ƙaya ba.

Sai da aka yi mako uku da wasan na aika a kira mini golar tamu ta da. Na shirya maganganu, irin su faɗuwa ba ƙarshen tafiya ba ce, da labarin wani gola da na gani a Kumasi. Ta shigo ofis ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Ta ajiye leda a kan tebur. Rigar wasan ce, an wanke an goge, amma jan bai fita daga ƙirjin ba. Na fara magana, ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba. Na tambaye ta ko za ta dawo.

"A'a, Mama."

"Ko don shekara mai zuwa? Matar za ta iya dawowa."

"An riga an ɗauka, Mama."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Inna ta ce a gaishe ki. Ta ce a ba ki haƙuri, bana ba ta da kauɗa, da ta aiko miki."