Kyautar da Rissa Ya Bari a Jaifur

Rissa ɗan gidan maƙeran azurfa ne. A wani ƙauye kusa da Takanamat aka haife shi, yunwar saba'in da uku ce ta koro gidansu zuwa Tawa, babban garin ƙasar Adar. Su biyu ubansu ya bari, shi da wansa Almustafa. Almustafa ne ya gaji hannun tsohon. Rissa kuwa baki ya gada, ko da yake ba a san wajen wa ba, don uban nasu sai ya wuni bai ce uffan ba. Haka suka raba aiki, babban yana ƙira, ƙaramin yana talla.

Abin da ke ci da gidan wani abin wuya ne, irin wanda Turawa ke kira gicciyen Tawa, amma da wani zane a gefe wanda ubansu ya ƙirƙiro da kansa. Duk Adar babu mai yin sa sai Almustafa, kuma kwana uku yake yi a kan guda ɗaya. Turawan da ke wucewa Agadas su ne masu saye.

Sai shekarun casa'in suka shigo. Tawaye ya tashi a arewa, Turawa suka ɗauke ƙafa. Ma'aikata suka yi wata da watanni babu albashi, darajar kuɗin sefa kuma ta faɗi. Dimokuraɗiyya ta zo da jam'iyyu da tutoci da ganguna, amma babu jam'iyyar da ta sayi ko zobe. Rissa ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ya rubuta wa wata Bafaranshiya, Madam Odil, wadda ta taɓa tsayawa maƙerarsu kuma tana da kanti a Liyon. Ta aiko masa da takardar gayyata, ya cika jakar fata da aikin wansa ya hau jirgi.

Turai ba ta burge shi ba, ba ta kuma ba shi tsoro ba. A filin jirgi suka sa ya kwance rawani, ya tsaya yana kwancewa a hankali har layi ya taru a bayansa. Satin farko duk wanda ya haɗa ido da shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ya gaishe shi, da ya ga gaisuwar tana tafiya a banza ya daina. Kaya dai suka karɓu. Daga Liyon ya san Faris, daga Faris ya san Milan, ya iya kwana a kujerar tasha da jaka a ƙarƙashin kai. A gida kuwa, Almustafa ya koma hura wuta kullum, har ya ɗauko 'yan'uwa biyu daga Afala suna taya shi.

A Milan ne wani ɗan Senegal ya gaya masa cewa jajayen duwatsun da suke sa wa zobe daga Indiya suke fitowa, kuma can araha suke kamar tsakuwa. Rissa ba a gaya masa hanya sau biyu. Ya sauka Bambai, ya ga mutane kamar ranar tashin ƙiyama, ya ga shanu suna yawo a titi babu makiyayi, ya duba su da idon mutumin Adar ya ce ramammu ne. Daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Jaifur, inda kasuwar dutsen take.

A wani lungu na Jaifur ya ji ƙarar masaba. Ƙafarsa ce ta kai shi. Ya tarar da wani dattijo mai suna Gofal zaune a ƙasa gaban ƙaramar uwar maƙera, zama irin na Almustafa sak. Ba su da yare ɗaya. Rissa ya nuna masa tabon wuta a yatsunsa, Gofal ya nuna nasa, suka yi dariya. Mutumin ya hana shi komawa masauki. Kwana huɗu yana ba shi shinkafa da wake da shayi mai madara, har ya raka shi wajen masu dutse don kada a cuce shi.

To, a gidan su Rissa akwai al'ada. Maƙerin da ya kwana uku a maƙerar wani, ya ci abincinsa, ba ya fita sai ya bar masa aikin gidansu mafi kyau. A Adar wannan ba ya cutar da kowa, don maƙeri yana jin kunyar kwaikwayon zanen wani gida. Rissa bai tsaya tunanin ko kunyar tana ƙetare teku ba. Ya zaɓo abin wuya mafi kyau a jakarsa, ya miƙa da hannu biyu.

Bayan shekara ya shiga kantin Madam Odil da sabon kaya. Ta karɓe shi da fara'a, amma ba ta buɗe jakar ba. Ta janyo wani kwali ta ɗora a tebur. Cike yake da zanen ubansu, kowane a cikin 'yar leda, duk kamarsu ɗaya.

"Daga Indiya ake kawo su yanzu," in ji ta. "Na san naka aikin hannu ne, Rissa. Amma masu saye ba sa ganin bambancin, farashi kawai suke gani."

Rissa ya ɗauki jakarsa ya fita. Ya zaga Faris, ya zaga Milan, ko'ina kwalin ya riga shi isa.

Ya koma Jaifur da fushi, tun a jirgi yake shirya maganar da zai yi, da Faransanci da Hausa da Buzanci. Gofal na ganinsa ya taso ya rungume shi. Ya ja shi bene, inda mutum goma sha biyu ke zuba azurfa a mazubi, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya, yana kai hannu baki, wato dukansu da wannan aikin suke ci. Sannan ya nuna masa bango. Ga abin wuyan Almustafa a cikin gilashi, an rataya masa furanni. Dattijon ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya, idonsa da hawaye. Godiya yake yi tsakani da Allah. Rissa ya haɗiye maganarsa da yarukanta uku, don ba a bin kyauta a ce a mayar. Wannan karon kwana biyu ya yi ya tafi, kafin na uku ya kama shi.

Ya iso Tawa ana gab da damina, da jakar da ya fita da ita, a cike. Kunya ta hana shi zuwa maƙera sai washegari da hantsi. Ya zauna ya faɗa wa wansa komai, bai rage ba. Almustafa ya saurara har ƙarshe.

"Ya ba ka abinci?"

"Ya ba ni, Yaya. Kwana huɗu, da hannunai."

"Kuma maƙeri na?"

"Maƙeri na, ɗan maƙeri."

"To mi kaka so in ce maka? Da ka hito ba ka bar mishi komi ba, da ka ba mu kunya. Nuna min aikin nasu."

Rissa ya miƙa masa guda ɗaya da ya sayo. Almustafa ya juya shi a rana, ya shafa gefen da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Sun iya," ya ce.

Ya tattara ƙananan kayan aikinsa ya naɗe a tsumma. Shekara arba'in yana ƙira, bai taɓa dukan baƙin ƙarfe ba, a gidansu wannan aikin wasu ne.

"Gobe Lahadi, kasuwa na ci," ya ce. "Ka samo min ƙarhe, ko na tsohuwar mota. Ruwa ya kusa, mutane na biɗar hauya."

Rissa ya tafi ya samo.