Sunayen da ke Jikin Bidon

Duk wanda ya zauna tashar motocin Dirku da ke Agadez a shekarun baya ya san Alkasum. Shekara ashirin da biyu yana jan mota cikin Tenere. Kowace Litinin yakan ɗauki baƙi ashirin da biyar masu nufin Libiya, kowa da bidon ɗinsa, wato jarkar ruwa, an naɗe shi da buhu, an rubuta sunan mai shi a jiki don kada a yi rigima a hanya. Alkasum bai wuce aji shida a lakol ba, amma ba ya tada mota sai ya bi bidon ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya karanta.

Da dokar 2015 mai hana ɗaukar baƙin haure ta zo, aikin da ake yi da rana tsaka ya koma laifi. Ya ci gaba a ɓoye har jandarmomi suka kama shi, ya yi wata takwas a tsare, motar kuma ta ruɓe inda aka aje ta. Ko da aka soke dokar, idonsa ya riga ya yi rauni. Yau albasa yake ɗaukowa daga Dabaga a motar wani.

Mutum ne mai nauyin baki, kuma hanya ta ƙara masa. Direban wancan zamani ba ya faɗin inda ya bi, balle wanda ya ɗauka. Shi ya sa ranar da Madam Sa'adatu, mai koyar da tarihi a ajin ɗiyarsa Zuwaira, ta zo unguwarsu Dagmanet neman tsofaffin direbobi, ko tabarma bai sa an shimfiɗa mata ba. Ta yi masa bayani: ta tara wa wata na'ura ta cikin waya da yara ke kira IA takardun dokokin hana ƙaura, tun na zamanin Nasara har na jiya, yanzu tana son ta ƙara mata muryar waɗanda abin ya faɗa wa. Yara su yi tambaya, na'ura ta amsa, ta kuma faɗi wanda ya ba da labarin.

"Madam, ni ban yi wa jandarma magana ba, sai waya?" Abin da ya ce ke nan.

Ta wuce wajen Chaibou. Shi kuwa Chaibou, wanda shekara tara yana aparanti, wato yaron mota, a wajen Alkasum, ya buɗe baki har kwana uku.

To, daga nan Alkasum bai sake samun sukuni ba. Yara na wucewa ƙofar gidansa da kayan lakol suna "Chaibou ya ce, Chaibou ya ce." A majalisar shayi har an fara kiran Chaibou Farfesa. Farfesa! Mutumin da Alkasum ya koya wa sassauta iskar taya in an shiga rairayi, wanda ya yi amai tun daga Agadez har Turayat ran tafiyarsa ta fari. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma shi kansa ya sani. In sun haɗu a kasuwa Chaibou ya rusuna ya ce "Patoron, ina kwana," yadda yaron mota ke gaida maigidansa, sai Alkasum ya ji kamar da gayya yake yi.

Duk wannan da sauƙi. Wata Laraba Zuwaira ta dawo da rana, ta aje masa tuwo, ta zauna tana ba shi labarin darasi. Wai akwai direban da motarsa ta mutu nesa da kowace rijiya, kwana huɗu. Ya tara ruwan kowa yana rabawa da murfin bidon, ya ƙona tayoyi ɗaya bayan ɗaya har wasu masu raƙuma suka hangi hayaƙi. Mutum goma sha tara suka tsira.

"Wane direba?"

"Baba Chaibou mana. Wallahi, Abba, duk ajinmu sai da muka ji tsikar jikinmu ta tashi."

Alkasum ya tsame hannu daga kwano. Shi ya raba ruwan nan. Har yau akwai tabon wutar taya a damtsensa, kuma ɗiyarsa ta cikinsa ce ke zaune gabansa idonta na ƙyalli saboda wani ƙato.

Washegari ya naɗa rawanin Juma'a alhali ranar Alhamis ce, ya nufi lakol, ya faɗa aji ba sallamar kirki.

"Madam, na'urarki na koya wa yara ƙarya. Ni na ja motar nan."

Madam Sa'adatu ba ta yi musu ba. Ta ba shi kujera, ta ce bari ya ji abin da aka aje tukuna, sannan ya gyara. Ta juya wayar da ke haɗe da lasifika, ta ce a maimaita labarin tun daga fari.

Na'ura ta ce, bisa shaidar Chaibou, direban ya hangi ƙurar 'yan sintiri, ya bar hanyar da aka sani ya yanka gabas inda ba rijiya. Wanda ke tare da shi ya roƙe shi ya tsaya, a kama su ya fi, ya ƙi. Cikin mutum ashirin da biyar, shida ba su kai ga ganin masu raƙuma ba. Sai muryar Chaibou kansa ta fito, a dishe: "Ni ne direban. Ni na ƙi tsayawa."

Alkasum ya dubi Zuwaira. Ashe ta san wannan ɓangaren, ta ɓoye masa ne don kada ta zubar da mutuncin abokin ubanta. Yanzu kanta na ƙasa.

Ya kamata ya ji godiya, ai rufin asiri aka yi masa. Amma abin da ya taso masa kishin nan ne dai, har ya fi na da zafi. Shekara tara yana ɗauke da mutum shidan nan, ko matarsa bai gaya wa ba, ga Chaibou ya faɗe su gaban yara arba'in ya koma shagonsa yana shan shayi.

Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu, ta tambayi na'ura su wane ne shidan. Na'ura ta ce mai shaida bai san sunayensu ba, kuma babu su a kowace takarda da aka ba ta.

"Ina zai sani?" in ji Alkasum. "Chaibou bai iya karatu ba."

Ƙofa a buɗe take, da ya tashi ba mai tare shi. Ya gyara zama, ya ja kujerar kusa da wayar.

"Madam, kunna abin naki. Zuwaira, ɗago kanki, ke za ki rubuta, kada na'urar ta ɓata mini sunayen mutane."

Ya fara da na bidon mai igiya shuɗiya.