Goggo Adama da Karayar Ƙafata

Ranar wata Asabar ce cikin daminar 1993, ina aji huɗu a firamare. Mun sauka rafin Mayo Gwoi na garinmu Jalingo wanki da 'yan matan gidanmu, muka gama muka shanya kaya, sai muka shiga wasan tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Na tsallake uku lafiya. Na huɗun akwai gansakuka a kansa, ƙafata ta zame ta shige tsakanin duwatsu, na kife. Na ji ƙas, kamar an karya rake, amma ban fasa ihu ba sai da na ga ƙaurina ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Babana yana garin Mutum Biyu wurin aikinsa na malamin gona, innata kuwa tana jego. Goggo Adama, yayar babana, ita ta zo da gudu ko takalmi babu. 'Yar siririya ce, amma ta goye ni da zanenta, ni mai shekara goma, har bakin titi inda ta tare mana wata a-kori-kura mai ɗaukar doya.

A asibiti muka zauna kan benci tun azahar har la'asar ta wuce. Aka ce na'urar hoton ƙashi ta lalace, likita kuma ya yi tafiya. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya ja ƙafar yadda ya ga dama, ina ihu Goggo na riƙe da kaina a cinyarta, ya naɗe ta da filasta tun daga gwiwa har tafin ƙafa. Aka ba ni gado mai yagaggiyar katifa a ɗakin yara. Famfo ba ya kawo ruwa, kullum da safe Goggo ke fita da bokiti ta ɗebo a wata rijiya, ta wanke ni, ta dama mini kunun gyaɗa. A gadon kusa da mu akwai Mama Rifkatu, wata Bamumiya, 'yar wata ƙabilar yankinmu, da ke jinyar 'yarta, tana gasa doya a bayan ɗaki ta raba mana da manja.

Ita ce ta fara lura a kwana na uku. Ta taɓa yatsuna ta ce, "Goggo, duba ƙafan yarinyan nan, ya yi sanyi, ya yi baƙi fa." Yatsun sun kumbura sun yi suntum, ni kuma na daina jin su. Goggo ta kira nas, ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Haka karaya take, Hajiya. Ki bar mu mu yi aikinmu."

Goggo ta tashi tsam. Ta ɗauki tabarmarta da butarta ta je ta shimfiɗa a ƙofar ofishin likita, ta zauna ta miƙe ƙafa, duk mai shiga sai ya raɓa ta gefenta. Aka lallashe ta, aka yi mata tsawa, maganarta ɗaya ce: "Ba inda za ni sai an dubi 'yar ƙanena." Nan ta yi azahar, nan ta yi la'asar. Da wani matashin likita ya iso, ta riƙe hannun rigarsa har gadona. Ya matsa babban yatsana, fuskarsa ta canja, ya sa aka yanke filastar nan take. Ya ce an ɗaure ta da yawa har jini ya kasa wucewa, kuma ƙashin a karkace aka haɗa shi. Da an ƙara kwana guda, in ji shi, da maganar yanke ƙafa ake yi.

Da kumburin ya sace, Goggo da babana suka kai ni wurin wani tsohon maɗori a Iware. Ya gyara ƙashin, ya ɗaure da karare, yana shafa man shanu. Kwana arba'in na yi a kan tabarma ƙarƙashin rumfar Goggo, muna ɓarar gyaɗa tana koya mini saƙar faifai. In na yi raki sai ta kira ni 'yarta da Fulatanci ta ce, "Yi haƙuri, ɓingel am, ƙashin yaro ba ya daɗewa." Ranar da na fara takawa, kafaɗarta na dafa, muka zagaya tsakar gida sau biyu, ta yi ta guɗa kamar an kawo amarya.

Yau Jalingo ta cika da asibitoci, hoton ƙashi kafin ka gama gaisawa an ɗauka. Ni kuma ina tafiya da 'yar ɗingisa wadda sai mai lura yake gani, da ita na yi karatu, da ita nake kai 'ya'yana makaranta. Goggo ta rasu ina aji biyar a sakandare. Ban taɓa ce mata na gode ba, don a lokacin na ɗauka haka kowace goggo take.