Ɗanin da Na Hana Yaya

Ranar da na fara ganin babur ɗin na ɗauka tsoho ne aka yi wa kwaskwarima. Yana kafe a hawa na biyu na wajen ajiye motocin benenmu a unguwar Taman Melati, a ƙasar da na je karatu, kusa da lif. Fitila ɗaya ce zagayayya, tanki kore mai duhu da siririn layi ruwan zinare, doguwar kujera ruwan ƙasa, salansa biyu suna ƙyalli. Ya yi kama da irin wanda malaman gona suke jingina da shi a tsofaffin hotuna. Mai shi maƙwabcina ne, dattijo ɗan ƙasar da ya yi ritaya daga koyarwa. Muna ce masa Pak cik, kamar a ce kawu. Shi ya gaya mini babur ɗin sabo ne, na wani kamfanin Ingila, da gangan aka ƙera shi da siffar na da.

A lokacin na gama digiri na biyu, takardu kawai nake jira a sa wa hannu in koma gida, sai korona ta shigo. Kwana biyu kafin dokar kulle aka kira Pak cik cewa mahaifiyarsa ba lafiya a ƙauyensu, can arewacin ƙasar. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da jakarsa a hannu, ya miƙo mini makulli.

"Sati ɗaya zan yi. Ka riƙa tayar da shi, kada batir ya mutu. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya. Har yanzu ban san dalilin da ya sa ya zaɓe ni ba. Wataƙila don sahu ɗaya muke salla a masallacin bene, wataƙila kuma ƙofata ce kawai ta fi kusa. Bayan tafiyarsa aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi, sati ɗayan ya zama sai yadda hali ya yi.

A unguwarmu a Kano duk mai abin hawa yakan ɗumama injinsa bayan sallar asuba. Da wannan ƙarar na tashi, ban taɓa jin wanda ya ce ba daidai ba ne. Don haka kullum da safe sai in sa takunkumi in sauka, in murɗa makulli, in danna sitata, in bar shi yana kaɗawa minti biyar cif, ina duba agogon waya. In goge tanki da tsumma, in kashe, in koma sama. Ban taɓa sauke shi daga kan ƙafarsa ba. A sati na uku na ji sitatar tana ja da ƙyar. Na ce ina jin ɗumin ne bai ishe shi ba, na mayar da shi sau biyu a rana. Wata safiya na danna, sai ya yi ƙas, ya yi shiru.

Mutum biyu na kira. Ɗaya wani ɗan Zariya ne da ke karatun lantarki, muna ce masa Injiniya. Ɗayan kuma Yaya ne. Ba uwa ɗaya muke ba, garinmu ɗaya, yana digiri na uku, ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ya ɗauko ni a filin jirgi, a falonsa na kwana sati biyu kafin in sami ɗaki, kuma duk Juma'a shi da kansa yake kawo mini tuwon da matarsa ta tuƙa. Ya yi acaɓa a Kano lokacin yana jami'a, kuma ba ya ɓoyewa, alfahari ma yake yi da shi.

Muka tsaya nesa da juna, kowa da takunkumi. Yaya ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya durƙusa ta dama.

"Ina kik ɗin?"

"Babu kik," in ji Injiniya.

"Babur babu kik. To cok fa?" Ya ƙwanƙwasa wani abu a gefen inji da yatsa. "Ga kafireto nan dai."

"Ba kafireto ba ne, Yaya. Kwalliya ce aka yi masa don ya yi kama da na da. Kwamfuta ce ke ba shi mai."

Yaya ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Wato ƙarya ce aka sa wa taya biyu. Yaro ne ya shafa furfura." Amma hannunsa na kan kujerar, yana shafa ta a hankali. "Sai dai ka ga zaman. Wannan ko Zariya ka je ka dawo bayanka ba zai yi ciwo ba."

Injiniya ya tambaye ni abin da nake yi wa babur ɗin, na faɗa masa dalla-dalla, ina ganin kamar za a yaba mini. Ya ce ni na kashe batirin. Wutar da sitata take ja ta fi wadda minti biyar a tsaye zai mayar, kullum ina ɗiba ba na zubawa. Babur irin wannan tafiya yake so. Na ji kunnuwana sun yi zafi a ƙarƙashin igiyar takunkumi.

"Abu mai sauƙi," in ji Yaya. "Ku tura ni ta gangaren nan a giya biyu, ya tashi. In je Titiwangsa in zagaya tafki, in biya kasuwar Chow Kit in sayo nama, ai an yarda mutum ɗaya a gida ya fita cefane. Kafin in dawo batir ya cika. Kawo makullin, ƙanena."

Ya miƙo hannu. Na san taimako yake son yi, na kuma san ɗani yake so, duka biyun gaskiya ne. A wajenmu ba a hana ɗani. Tun muna yara wanda ya hana ka hawa kekensa an gama da shi, marowaci ne har ya girma. Balle wanda ka kwana a falonsa. Amma na tuna babu ɗayanmu mai lasin babban babur, ga 'yan sanda sun tare hanyoyi, ga shi kuma ni kaɗai aka ba makullin. Na ji shi a aljihuna ya yi nauyi.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba a ce in ba kowa ba."

"An ce kada ka bayar?"

"Ba a ce ba."

"To."

"Duk da haka, Yaya. Sai na tambaya."

Ya dube ni ta saman takunkumi. "Ni ne kowa ke nan."

Ban fito da makullin ba. Injiniya ya kama duba wayarsa. Yaya ya sauke hannunsa ya nufi lif, yana cewa, "Allah ya ba ka ladan gadi." Ranar Juma'a na tarar da kular tuwo a rataye a hannun ƙofata. Ba a ƙwanƙwasa ba.

Kwana biyu ina rubuta wa Pak cik saƙo ina gogewa. Daga ƙarshe na ga saƙo ba zai yi ba, na kira shi bayan azahar. Na gaishe shi, na tambayi jikin mahaifiyarsa, sannan na faɗa masa komai ban rage ba.

"Kullum da safe?" ya ce.

"Daga baya har da yamma."

Sai na ji yana dariya har da tari. Ya ce rabin laifin nasa ne, da ya ce in tayar bai ce in hau ba. Ya kwatanta mini yadda zan cire kujera in fito da batirin, in kai wani kedai, wato shago, kusa da tashar jirgin ƙasa a yi masa caji. Bayan nan kuma dole a riƙa tafiya da shi, ko da a cikin wajen ajiye motocin ne, tunda ba titi ba ne.

"Ka iya babur?"

"Ƙarami, a gida. Shi ma kaɗan."

"Ya isa. A hankali."

Na ce akwai yayana da ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ko zai yarda shi ya riƙa hawa. Ya ce, "Ɗan cikina ma bai taɓa hawansa ba. Kai na ba." Na so a ce amsar ta bambanta, don da ta sauƙaƙa mini abubuwa biyu a lokaci ɗaya.

Na goya batirin a jakar baya na kai, washegari na karɓo na mayar. Dannawa ɗaya ya tashi. Na hau, na ɗaga shi daga kan ƙafarsa, sai na ji kamar buhun shinkafa huɗu ne suka jingina da cinyata. Nan take na mayar da shi na sauka. Kwana uku haka. A na huɗu na hau bene na ƙwanƙwasa ƙofar Yaya, na ja baya na tsaya.

"Mai gadi," ya ce. "Lafiya?"

"Na tambaya, Yaya. Ya ce ni kaɗai. Ni kuma na kasa. So nake ka koya mini."

"In koya maka babur ɗin da ka hana ni."

"Eh."

"Ashe ba ka da kunya."

"Ina da ita, Yaya. Da ita na hawo."

Daga ciki matarsa ta ce, "Ka je mana, Malam. Ka ishe mu da safa da marwa a falo." Ya juya kamar zai ba ta amsa, sai ya ɗauki takunkuminsa a bayan ƙofa.

A hawan ƙarshe muke yi, inda babu motoci sosai. Yaya yakan tsaya ya goya hannuwansa a baya, da gangan, don in gani. Da baki yake koyarwa. "Saki kuloci a hankali, ba gudu za a yi da shi ba. Kada ka kalli ginshiƙi, inda ka kalla nan za ka je. Ɗaga kanka, ba kwabo ka yar ba." Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da zarar taya ta motsa nauyin nan sai ya ɓace, kamar an sauke buhunan. Ƙararsa ba ta da kaifi irin na baburanmu, a ƙasa take, kana jin ta a ƙirji. Zafin inji kuma yana gasa ƙwauri, ba wanda ya gaya mini wannan. In na zo kwana sai in ji babur ɗin ya fi ni sanin inda za mu, ni ne nake hana shi.

A sati na biyu na faɗi. Ina saukowa gangare, hankalina na kan giya, sai jikina ya koma hannun dama kamar a gida, alhali a nan hagu ake bi. Wata mota ta ɓullo tana hawowa. Yaya ya ce, "Hagu." Na murɗe kan babur na damƙe birkin gaba a lokaci ɗaya, sai ya kwanta a hankali ta dama, ni kuma na zare ƙafata da ƙyar. Mai motar ta ɗaga mana hannu ta wuce. Yaya ya taho da gudu, ya miƙo hannu biyu, sai ya tsaya.

"In taɓa?"

"Taɓa, Yaya, don Allah."

Muka ɗaga shi tare. Ya riƙe kan babur ɗin ya ɗan jima bayan ya tsaya daidai, yana murza totur a banza da injin a kashe, sannan ya saki. Bakin hannun birki ya karce, kamar faɗin farce. Yaya ya ce ba wanda zai lura. Ina jin gaskiyarsa ce, amma a nan tsaye na ɗauki hoto na aika wa Pak cik. Amsarsa kalma biyu ce, in ci gaba. Nan take na sake hawa, don na san in na koma ɗaki a haka ba zan sake saukowa ba.

Haka muka yi wata da watanni, rabin awa sau biyu a sati, daga hawan ƙarshe zuwa na biyu in sake hawa. Ban taɓa wuce giya biyu ba. Injiniya ya ce a lissafinsa wannan ma da ƙyar ya isa, amma batirin bai sake mutuwa ba.

Da aka buɗe hanyoyi Pak cik ya dawo, ya rame, mahaifiyarsa kuma ta sami sauƙi. Na miƙa masa makullin a gaban babur ɗin, na nuna masa karcen da yatsa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya danna sitata, ya tsaya yana saurare ido a rufe. Na gabatar masa da Yaya, na ce shi ya koya mini. Pak cik ya shiga motarsa ya fito da hular kwano ta biyu, ya nuna masa kujerar baya.

Yaya ya juyo gare ni da Hausa. "Ni za a goya? Ni da na goya rabin Kano?"

Amma ya karɓi hular. Suka yi kusan awa ɗaya, har Titiwangsa. Da suka dawo ya sauko yana miƙe baya, na tambaye shi yadda ya ji.

"Yana da ƙarfi, ba laifi. Dattijon nan ma bai buɗe shi ba. Amma ba inda za ka ɗaura buhu, kuma mutum uku ba za su zauna ba. A Kano asara ce."

Ya miƙa mini hular in mayar, ya wuce lif bai jira ni ba. Tuwon Juma'a ya ci gaba da zuwa har na bar ƙasar, wani satin ya ƙwanƙwasa, wani satin in tarar da shi a rataye. In muka yi waya yanzu mai gadi yake ce mini, ni kuma ina amsawa.