Yadda Muka Lallaɓa Kaka

Har yau ban manta da ranar da Kaka ta yarda ta karɓi sabon aiki ba. Kaka ita ce kwamfutar ofishinmu na aikin gona a Funtuwa, a ƙarshen shekarun 1980. Wata tsohuwa ce da aka turo mana bayan hedikwatarmu ta Kaduna ta gama cin moriyarta, in aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. Mu biyu ke kula da ita, ni da Malama Rifkatu, 'yar Kafur, wadda ta fi ni muƙami da haƙuri.

Gab da ruwan shuka aka aiko mana sabuwar manhaja a faifai. Aikinta ta bi rahotannin malaman gona ta tsamo gonakin masara da na auduga, don a san irin shukar da za a loda wa kowace mota. Ku yaran yanzu ba ku san wannan wahalar ba: manhaja ba ta zuwa a shirye, sai ka harhaɗa ta a kan na'urarka, ta jingina da ƙunshin umarnin da ke ciki, wanda muke kira laburare. Laburaren da ke tsinto kalmomi cikin rubutu a cikin Kaka tsohon yayi ne. Sabon yayi yana gane "ko masara ko auduga" a tashi ɗaya, namu kuwa abu ɗaya yake nema a lokaci guda. Duk sanda muka harhaɗa, sai ta tsaya cak.

Manajanmu, Alhaji Sule, ya leƙo ya ce, "Ku cire tsohon ku sa sabo mana."

Rifkatu ta ce, "Ranka ya daɗe, cikinta ba zai ɗauka ba. Kuma sauran ayyukanmu duk a kan tsohon suke tsaye."

"To, in Juma'a ta yi ba ta yi aiki ba, Kaduna za ta koma, a rufe sashenku."

Ni kuwa ban san wani aiki ba sai wannan. Na zauna ina yi wa Kaka masifa, Rifkatu tana dariya. Can ta ce, "Malam Habu, ka bar zagin tsohuwa. Tunda ba ta iya tauna biyu, mu ba ta ɗaya-ɗaya."

Haka muka yi. Muka buɗe manhajar, duk inda aka ce ko wannan ko wancan muka raba shi gida biyu: ta bi rahotannin ta kwashe masara, ta sake bi ta kwashe auduga, sannan ta haɗa, kamar mai tankaɗe sau biyu. Ni ina karantowa, ita tana bugawa, muna gardama a kan kowane layi.

Ranar Alhamis da hantsi muka sake harhaɗawa. Kaka ta yi shiru har na fara salati, sai firinta ta ɓarke da ƙara tana fitar da jerin gonakin. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Rifkatu ta rangaɗa guɗa a cikin ofis, direbobin da ke kai iri Gozaki da Musawa suka leƙo ta taga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Alhaji Sule ya aika aka sayo tsire.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan sai ka fara sanin iyakar abin da ke hannunka kafin ka ɗora masa kaya. Iri ya isa ƙauyuka kafin ruwa ya sauka, Kaka kuma a Funtuwa ta ƙare aikinta.