Birkin Motar Kumai

A zamanin da hanyar Zangon Kataf zuwa Kafanchan ba ta san kwalta ba, mota ɗaya tak ke bin ta kowace ranar kasuwa, ita ce motar Kumai. Shi Kumai ɗan wani ƙauye ne kusa da Samaru Kataf, gajere, mai faɗin ƙirji, ga gardamar tsiya. Yaƙin Bama ne ya ɗauke shi yana saurayi, can aka koya masa tuƙi, ya dawo da kaki biyu da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja a Kaduna ya tattara abin sallamarsa ya sayo ɗaya, kafinta ya kafa mata bodin katako, aka rubuta a goshinta: SANNU BA TA HANA ZUWA. Ba a taɓa yi wa mota rubutun da ya dace da ita kamar wannan ba.

Kai, wanda bai hau motar nan ba an yi ba shi! Buhunan citta a ƙasa, doya da acca a kai, mutane a kan doya, kaji a kan mutane. Matan Fulani su rungume ƙoren nono a cinya, matan majami'a su ɗauko waƙa tun daga Samaru, Kumai kuwa yana gaba yana faɗa da giya kamar ta ci masa gona. Ana tafiya ana tsayawa, wannan zai sauke tsintsiya, wancan zai gai da surukarsa. Ba wanda ke sauri, domin ba wata motar da za a ce ta wuce su.

Abu ɗaya ne motar ba ta da shi, birki. Tun shekarar farko ya fara sanyi, makanikan Kafanchan suka kwance suka ɗaura har suka gaji, suka ce kayan irin wannan mota sun tafi tare da yaƙi. In Kumai ya taka ya taka, takan rage gudu, amma tsayawa cak, ina! Sai an sa weji, wato gungumen icen da ake cusawa a gaban taya. Karnukan mota uku ya ɗauka, kowanne ya ga gangaren Kagoro sau biyu sai ya ce gara noma.

Nan ne matarsa Clara ta ce ita za ta riƙe. Doguwa ce siririya, 'yar dattijon ikilisiya, mai murya a ƙungiyar mawaƙa. Ubanta ya sassaƙa mata weji na icen ƙirya mai mariƙi, ta bar 'yarsu Hellen a hannun kaka, ta hau matakin bayan mota. In an zo tsayawa Kumai zai sauke giya, ya taka abin da ya rage na birki, ya leƙo ya ƙwala kira: “Maman Hellen, weji!” Kafin ya rufe baki motar ta tsaya. A gangare kuwa kaɗan-kaɗan ake yi: ta cusa, ya ɗan ja baya, ta zare, a gangara, ta sake cusawa, har a kai ƙasa.

Shekara tara suna haka, ko akuya ba su taɓa takawa ba. Mutane suka mai da abin wasa. A ce birkin motar Kumai yana ɗaura zane. A ce ba ta fita ran Lahadi saboda birki yana sujada. Kumai yakan yi dariya har da buga ƙirji, ya ce birkin Turawa lalacewa yake yi, nasa kuwa tuwo kawai yake ci. Ƙorafinsa ɗaya da Clara shi ne ba ta tattalin zane, duk wanda ya saya mata kafin wata biyu bakinsa ya yage. Akwai kuma yatsunta biyu na hagu da suka lanƙwashe, ta ce masa dutsen niƙa ne, shi kuwa bai sake tambaya ba.

Ana nan, wajen shekara ta hamsin da shida, wani ɗan sanda ya tare shi a bakin Kafanchan ya ce ina takardar lafiyar mota. Kumai ya ce motarsa ba ta yi ciwo ba balle a kai ta asibiti. Ɗan sanda bai yi dariya ba. Ya ce an daina ɗaga ƙafa, duk motar haya sai mai gwaji ya duba ta ya sa hannu, kuma in wata ya ƙare ba takarda, kada ya ƙara ganin ta a hanya.

Hankalin Kumai ya tashi sosai. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce sunansa. In babu ita, shi wane ne? Wani gajeren kurma kawai a cikin manoman citta.

To, ina ake gwajin? Nan fa ake yin ta. Akawun gidan waya ya ce Jos. Mai sayar da tikitin jirgi ya ce Kaduna, wani ma ya ce sai Zariya. A ofishin Di'o masinja ya ce ya dawo gobe, da goben ta yi ya ce jibi. Mako uku Kumai yana yawo da hula a hannu, mutumin da ko a gaban saje bai iya lanƙwasa murya ba. Daga ƙarshe a rumfar mai shayi ya samu labari, a bakin Mijinyawa, wani Bafulatani da ya bar sanda ya kama sitiyari, yana jigila tsakanin Kafanchan da Gidan Waya.

“Soja, kana neman abu a nesa alhali yana bayan kunnenka,” in ji Mijinyawa. “Mai gwaji a jirgi yake zuwa, wata uku-uku. Ran Alhamis ɗin nan zai zauna a filin bayan shagon kayan tasha. Ka zo da wuri in ara maka taya biyu da fitila. Haka duk muke yi, in an duba wannan a kwance a ɗaura wa wancan.”

“Kayan aro ba ya ado. Yadda take haka zan kai ta.”

“To birki fa?”

“Ina da birki.”

“Wanda ake takawa nake nufi, Soja.”

“Cewa aka yi mota ta tsaya. Tawa tana tsayawa ko ba ta tsayawa?”

Mijinyawa ya kurɓi shayinsa ya ce Allah ya kai mu Alhamis.

Da labari ya isa ƙauye, dattawa suka zauna suka yanke cewa wannan ai shari'a ce, kuma ba a barin mutum ya je gaban shari'a ba shaidu. Ran Laraba aka kai motar rafi aka wanke ta da toka da soso. Ran Alhamis da sassafe fasto ya yi addu'a a kan hancinta, mutum ya fi talatin suka hau cikin kayan Lahadi, ba buhu ko ɗaya, kowa da abin da zai faɗa. Har da tsohuwa Safara'u mai nono, wadda ta bar tallan ranar ta ce ba za a yi ba ita ba.

Mai gwajin, Mista Silvanus, siririn mutum ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Motoci shida ne a layi. Ya zo kan ta huɗu ya shafa tayarta ya ce, “A'a, mun sake haɗuwa? Ɗazu na gan ki a ƙarƙashin wata motar.” Direbobi suka sunkuyar da kai, Kumai ya kumbura kamar kwaɗo. Da aka zo kan tasa, fitila ta kama, ham ya yi ƙara, taya duk da ta sha hanya an yarda da ita. Saura birki. An ja layi da farar ƙasa a tsakiyar fili, aka ce ya taho da gudu daga gindin mangwaro ya tsaya kafin layin.

Jama'a suka sauka suka yi sahu. Kumai ya taho, ƙasa na rawa, ya sauke giya, ya leƙo: “Maman Hellen, weji!” Motar ta yi ƙuuu, ta tsaya, tsakanin tayarta da layi bai fi tafin hannu ba. Duk cikin motoci shida ba wadda ta yi kusa da haka. Mata suka rangaɗa guɗa, Safara'u ta kutso gaba ta ɗaga yatsa.

“Ɗan nan, rubuta! Shekara tara ina hawa, ko cokali ɗaya na nonona bai taɓa zuba ba.”

“Na ji, Inna,” in ji Mista Silvanus. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana kallon Clara, wadda ke tsaye tana haki, ta dafa gwiwa. Sannan ya juya ga Kumai. “Soja, a sake. Amma wannan karon abokinka zai tuƙa, kai ka tsaya nan kusa da ni.”

“Don me, ranka ya daɗe?”

“Ka taɓa ganin birkin nan naka yana aiki?”

Kumai ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tuna bai taɓa gani ba. Gaskiya ne. Shi kullum idonsa na gaba, bodin katako ya fi madubi faɗi, kira kawai yake yi mota ta tsaya.

Mijinyawa ya hau, ya koma gindin mangwaro, ya taho. Ya yi kiran. Sai Kumai ya ga matarsa ta diro daga mota tana cikin gudu, gwiwarta ta hagu ta lanƙwashe kamar za ta kife, ta cije ta miƙe. Ya ga ta bi gefen motar a guje a duƙe, gungumen ƙirya a ƙirji, kanta dab da taya, tayar da ta kusa kai mata kafaɗa. Ya ga ta zura hannu biyu a gaban tayar ta cusa icen, ta fizge yatsunta a daidai lokacin da ƙarfe da roba suka hau kai. Bakin zanenta ya shige ƙarƙashi. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta finciko shi, kyat, ya yage, ta gyara ɗauri, irin na wanda ya saba.

Aka sake guɗa. Kumai bai ji ba, kuma ba laifin kunnen ba ne. Idonsa na kan yagaggen zanen, daga nan ya koma kan yatsun nan biyu na dutsen niƙa. Kunya da tsoro suka rufe shi. Mutumin da ya ga yaƙi, yau ga shi ya tsorata a filin tasha da rana tsaka.

Mista Silvanus ya ɗora alƙalami a kan takarda ya ce a hankali, “An ce ta tsaya kafin layi, ta tsaya har sau biyu, ga shaidu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Soja, in sa hannu?”

Kumai ya dubi rubutun goshin motarsa, sannan ya girgiza kai.

“Kada ka sa.”

“Baban Hellen!” Clara ta taso masa. “Kanka ɗaya kuwa? Motan ya tsaya ko bai tsaya ba? Na taɓa kasawa ne?”

“Ba ki taɓa ba,” in ji shi. “Ba zan jira ranar ba.”

Haka aka tashi shari'a, shaidu sun ci, mai ƙara ya janye. A hanyar komawa Mijinyawa ya ɗaura sarƙa daga hancin motarsa zuwa bayan ta Kumai, yana riƙe ta a duk gangare. Ba wanda ya yi waƙa. Clara na zaune a gaba, karo na farko, ta juya fuska waje, fushi take yi da gaske, domin ita ma aikin nan sunanta ne.

Motar ba ta sake hawa hanya ba. Kumai ya aika neman kayan birki har Inugu, ba a samu ba. Ya koma noman citta, kaji suka mai da gidan direba wurin ƙwai, kabewa ta haye bodin. Ba a yi shekara biyu ba wasu sababbin motoci suka shigo hanyar, masu sauri, waɗanda ba sa jiran kowa ya gai da surukarsa. Tsofaffi sun daɗe suna cewa tun daga lokacin zuwa Kafanchan ya daina daɗi.

Amma abin da maƙwabta suka fi ba da labari shi ne la'asar ɗin da aka dawo. Kumai ya kai motar gindin ɗorawar bayan gidansa, wurin da ɗan gangare. Clara ta yunƙura za ta sauka bisa sabo, ya ce ta zauna. Ya zagaya baya da kansa, ya kai hannu ɗaya zai ɗauko wejin, ya ƙi tasowa. Sai da ya sa hannu biyu, ya yi nishi, ya kai shi gaban taya yana tangaɗi, ya cusa. Ya daɗe a tsugune a wurin.

“Maman Hellen,” ya ce, “ashe haka abin nan yake da nauyi?”

Ta leƙo ta taga ta dube shi, fushin ya ɗan sauka.

“Shekara tara, Baban Hellen. Sai yau ka tambaya.”